Buhun Shinkafar Da Na Mayar

Ina gaishe ku da sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Saratu, matar Bitrus direba.

Shekarun da kuɗin mai suka haukata birnin Libreville da gine-gine, mijina yana jan motar siminti daga bakin teku. Shi da abokan aikinsa sukan karkatar da buhuna su sayar. Na sani, na kuma ci da bakina.

Suna da wata ƙa'ida. In asiri ya tonu, mutum ɗaya zai ce shi kaɗai ya yi. A bakinsu sai a ce ya “sa hula”. Sai a kai wa matarsa buhun shinkafa. In ta dafa, magana ta ƙullu, shi kuma ya ja bakinsa ya shiga kurkuku.

Ranar da aka kama motar, Bitrus yana kwance da zazzaɓi, amma layin sa hula ya zo kansa. Jandarmomi suka tafi da shi, buhu ya iso ɗakinmu a unguwar Nzeng-Ayong. Ga ni da tsohon ciki, gida babu ko gari.

Na kasa zama. In fita ƙofa, in dawo, in shafa buhun, in sake fita. Har na ɗora tukunya! Ruwa na tafasa na durƙusa, na ce, “Ubangiji, yunwa nake ji, tsoro nake ji. Kada ka bari in sayar da uban abin da ke cikina.”

Da na tashi, sai na sauke tukunyar. Na sa buhun a tasi har unguwar Louis, zuwa mashayar da ogansu yake zama, na dire masa. Ya yi dariya, ya ce mijina ya riga ya amsa.

Na ce, “Shi ya amsa. Ni ban dafa ba.”

Daga nan na wuce inda aka tsare Bitrus na faɗa masa. Ya daɗe yana kuka. A gaban alƙali ya faɗi gaskiya duka, har da nasa laifin na baya. Ya yi ɗan zama kaɗan a kurkuku, aiki ya tafi, abokai suka daina gaishe mu. Wani Alhaji ɗan Nijar ne ya ba shi tuƙin tasi.

Amma ranar suna, Bitrus da kansa ya riƙe 'yarsa a gaban fasto. Na gode wa Yesu! 'Yar'uwa, in tukunyarki tana kan wuta yanzu, ki dogara gare shi, ki sauke ta.