Tusar Shanu da Zafin Duniya

A tashar Kwanar Dangora, wani manomi ya kashe rediyonsa, ya dubi Bafulatanin da ke gefensa.

"Ka ji ko, Malam? Wai duniya na ƙara zafi, kuma Turawa sun ce har da laifin tusar shanunku."

"Shanun kakana ma sun yi tusa, damina ba ta makara ba," in ji Bafulatanin. "Su masu hayaƙin masana'antu fa?"

"Oho. An dai ce a rage shanu."

"Madalla. To bana bayan girbi kada ku roƙe mu mu sauka a gonakinku. Ku jira takin gwamnati."

Manomin ya gyara zama.

"Haba, Ardo. Ai tusa rediyon ya ce, bai ce kashi ba."