Warshun Inna Ya Rufe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Balkisu mai bandar kifi daga Warra.

Hayaƙin banda ya raunana idon Innata, har ta daina ganin baƙaƙen Alƙur'aninta. Sai na samo mata manhaja a waya mai ƙara girman rubutu, kuma da rubutun Warshu, irin wanda ta koya tun a allo. Ranar da ta fara karantawa, sai da ta yi hawaye.

Da kwanakin gwaji suka ƙare, manhajar ta rufe, wai sai an biya. Babban shagon manhajoji katin banki yake so, nawa kuwa ya ƙi karɓa. Na shiga jirgin ruwa har Yelwa, mai gyaran waya ya nuna mini ƙaramin shago mai karɓar katin waya. Na yi murna, ashe babu Warshun a ciki. Ya ce masu manhajar babban shagon kawai suke kai kayansu.

Don Allah masu sauraro, yaya zan yi? Kullum bayan asuba Inna takan miƙo mini wayar ta ce, "Balki, duba mini, sun buɗe?"