Takardar da Na Ɓoye a Shafi na Ɗari da Arba'in

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma babbar likitar asibitin nan da ta karɓi baƙuncinmu. Likitoci da ma'aikatan jinya. Ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda ba mu cika ganin fuskokinsu ba sai ta taga. Shugabar makarantarmu da malamaina. Iyayena maza da iyayena mata. Yayyena da ƙannena. Marasa lafiya da masu jinyarsu da ke zaune can baya kusa da ƙofa: amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro na wayar da kai a kan lafiyar hanta, ina kuma godiya ga Likitar da ta duba mahaifina, wadda ta ce lalle sai na yi magana, bayan na ce mata sau uku ba zan iya ba. Ku yi mini haƙuri.

Shekaruna goma sha shida. A gida Kurma ake ce mini, domin in na buɗe littafin soyayya, ko tukunya ta ƙone a gabana ba na ji ba na gani. Ni ba likita ba ce, ban kuma zo in koya wa likitoci aikinsu ba. Na zo ne in faɗi wani kuskure da na yi, wanda ya kusa raba ni da mahaifina.

Babana kafinta ne. Shekara ashirin yana sunkuye a kan katako, fensir a bayan kunne, har bayansa ya fara yi masa ciwo. Sai ya shiga shan ƙwayoyin kashe ciwo safe da yamma, ba tare da ya ga likita ba, ya haɗa da wani jiƙo na kwalba marar ko takarda a jiki, wanda wani abokin sana'arsa ya kawo masa. A hankali muka ga ya daina cinye abincinsa, muka ga yana gyangyaɗi a kan bencin aiki tun hantsi. Umma ta matsa masa har ya zo nan, aka ɗebi jininsa, aka ce a dawo bayan kwana biyu. Ranar da za a karɓi sakamakon yana da gadaje uku da ya yi alkawarin gamawa, ni kuma asibitin a kan hanyar makarantarmu yake. Ya ce, "Uwata, ki biya ki karɓo mini." Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa na ci.

Mai gwajin ya miƙo mini takardar ta taga, ya ce, "Ku kai wa likita yau, kada ku bari ta kwana." Na gyaɗa kai. Ban tambaye shi kome ba, domin ni ko kwatancen hanya ba na iya tambaya. Sai da na fita bakin titi na buɗe ta. Na ga haruffa uku-uku, na ga lambobi, na ga an sa wa wasu tauraro a gefe. A gaban ALT an rubuta ɗari uku da goma sha biyu, a kusa da shi kuma an nuna bai kamata ya wuce arba'in ba.

Jama'a, a lokacin ina tsakiyar wani littafi ne, wanda saurayin cikinsa ya karɓo takarda daga asibiti, ya ɓoye wa kowa, yana murmushi yana ciwo, don kada ya ɗaga wa masoyiyarsa hankali. Na yi masa kuka, na ce wannan shi ne so na gaskiya. A duk littattafan da na karanta, in dai takarda ta fito daga asibiti, to mai ita ba ya ganin shafin ƙarshe. Saboda haka a bakin titin nan, ni kaɗai, na yanke wa mahaifina hukunci. Na ce tunda tafiya zai yi, gara ya tafi bai sani ba. Na ninke takardar gida huɗu, na tura ta cikin littafin, shafi na ɗari da arba'in.

Da na isa gida Umma ta ce, "Kurma, me suka ce?"

Na ce, "Sun ce ba kome."

Ta ce, "Ina takardar?"

Na ce, "Sun riƙe a wurinsu."

Umma ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Baba ya yi dariya ya ce, "Ai na gaya miki gajiya ce kawai, kin sa an zuƙe mini jini a banza." Ya miƙa hannu ya ɗauko kwalbarsa ya kurɓa.

Kwana goma sha tara na yi da wannan ƙaryar. Kwana goma sha tara ina wanke masa kofin da yake shan jiƙon, kwana goma sha tara ina goge masa takalmi ina gaishe shi sau biyar a yini, ina ganin kamar bankwana nake yi masa irin na littafi. Har ya ce wa Umma, "Yarinyar nan lafiya kuwa? Ko wani abu take so a saya mata?"

Rana ta ashirin na kai masa abincin rana shago. Yana tsaye a bakin ƙofa yana duba wani katako a hasken rana, ya juyo zai karɓi kwanon, sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. A littafi, in ciwo ya zo, da kyau yake zuwa. A fuskar ubanka ba haka yake ba. Kwanon ya suɓuce mini. Na ruga gida na ɗauko littafin, na dawo na buɗe shi a kan bencin aikinsa, cikin garin katako. Ya daɗe yana kallon takardar, ya daɗe yana kallona. Sannan ya zare fensirin daga kunnensa ya ajiye, ya ce, "Rufe shagon. Kira mini Ummanki."

An sake gwaji a ranar, lambar ta haura ɗari biyar. Kwana shida Baba ya yi a kwance a ɗaki na biyu, hannun dama in ka hau bene. Ni kuwa na tambayi Likita, cikin muryar da ni kaina da ƙyar na ji, ko da mun zo da wuri da abin bai kai haka ba. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Da kin kawo ta ranar, da mun hana shi shan abubuwan nan tun ranar, mai yiwuwa da ko kwanciya bai yi ba. Amma kin kawo ta. Zauna in koya miki karanta ta."

Abin da ta koya mini shi ne na kawo muku, kuma guda huɗu ne.

Na farko, lamba mai tauraro ba hukunci ba ce, kira ne. Likita ta bayyana wa Baba wannan da yaren sana'arsa. Ta ce, "Malam, in ka wuce wani shago ka ga garin katako ya taru a ƙofa, me ka gane?" Ya ce, "Ana yanka katako a ciki." Ta ce, "Ka san wa ke yankan?" Ya ce, "A'a." Ta ce, "Ka san ko shagon ya rushe?" Ya ce, "Haba Likita, ai sai na leƙa." Ta ce to haka ALT da AST suke: abubuwa ne da ke cikin hanta, in wani abu yana cutar da ita sai su zubo cikin jini. Yawansu yana nuna ana yi mata rauni, amma ba ya faɗin mai raunin, ba ya kuma cewa ta mutu. Akwai bilirubin, wanda hanta ke kwashewa daga jini, in ya taru ido ya yi ɗorawa, shi ne muke cewa shawara. Akwai albumin, wanda ita hantar ke ƙerawa, in ya ragu sai a duba ko aikinta ya ja baya. Ba a karanta ɗaya a bar sauran, ba a kuma karanta su duka ba tare da an dubi mai jinin ba. Ni na karanta layi ɗaya na rufe, kamar yadda nake leƙa shafin ƙarshe in ga ko an yi aure.

Na biyu, abubuwan da ke ɗaga lambobin nan suna da yawa, wasu manya, wasu ƙanana. Akwai ƙwayoyin cutar hanta, akwai kitse da ke taruwa a kanta, akwai barasa, akwai magunguna, na kemis da na kwalba. Shi ya sa ake maimaita gwaji, ake ƙara wani gwajin, ake ɗaukar hoton ciki. An gwada Baba ba a sami ƙwayar cuta ba. Sai Likita ta ce Umma ta kawo duk abin da yake sha. Umma ta juye leda guda a kan tebur, Likita ta ɗaga kwalbar ta ce, "Wannan fa, me ke ciki?" Baba ya ce, "Wallahi ban sani ba, amma yana da ɗaci, na ɗauka ɗacin ne maganin." Iyayena, ina roƙonku da girman Allah, ku faɗa wa likita duk abin da kuke sha, har wanda kuke jin kunyar faɗa. Wanda likita ya rubuta muku kuma, kada ku daina shi don kun ga tauraro a takarda, sai kun koma kun tambaye shi.

Na uku gajere ne, amma ku riƙe shi. In ido ya yi ɗorawa, in fitsari ya yi duhu, in ciki ya kumbura, in aka yi aman jini, ko mutum ya fara rikicewa yana magana ba kan gado, ba a jiran gobe.

Na huɗu, kuma shi ya fi mini nauyi: tsoro ba abin ɗauka kai kaɗai ba ne. Na san yadda zuciya ke bugawa in aka ga lambar da ba a gane ba. Na san yadda mutum ke duba waya yana neman bayani, ya fito da cututtuka goma alhali da ɗaya ya shiga. Ba laifi ba ne ka ji tsoro, ba laifi ba ne ka yi kuka. Amma ka yi kukan kana tafiya ofishin likita. Ka tafi da wani naka, ka rubuta tambayoyinka in kai mai kunya ne irina, ka ce, "Ban gane ba, a sake mini." Kuma ya ku 'yan'uwana da ake aika karɓo sakamako, 'ya'ya da ƙanne da mata da mazaje: takardar nan ba tamu ba ce. Jinin wani ne, ran wani ne, haƙƙinsa ne ya sani. Na ɓoye ta ina kiran abin tausayi, ashe kwanaki goma sha tara na sace daga lafiyar mahaifina.

A kwana na huɗu a asibiti, da la'asar, Baba ya ga littafin ya leƙo daga jakata, na kuma riga na ba shi labarin saurayin cikinsa da abin da ya sa na ɓoye takardar. Ya ce, "Uwata, shi saurayin naku, ya mutu?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Tun ranar ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba."

Ya ce, "Karanto mini."

Na ce, "Baba, na soyayya ne fa."

Ya ce, "Ke a ganinki Ummanki a kasuwa na sayo ta?"

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Malam, a gaban yarinya?" Na karanta masa, kunya kamar in nutse. Da na kai inda saurayin ya faɗi a gaban masoyiyarsa, Baba ya girgiza kai ya ce, "Wannan yaron sakarai ne. Da ya kai wa likita takardar tun farko, da mai littafin bai sami abin rubutawa ba." Duk ɗakin aka yi dariya, har mai gadon kusa da mu. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, har yau.

Bayan sati shida lambar ta sauko ƙasa da ɗari. A watan jiya hamsin da ɗaya ce. Ba ta koma daidai ba tukuna, Likita kuma ta ce ba za ta yi mana alkawarin abin da ba ta gani ba, sai dai a ci gaba da dubawa. Baba ya koma shago, ana duba masa bayansa yadda ya kamata, kwalbar kuwa ƙusoshi yake zubawa a ciki.

Ga shi can a layi na uku, yana sunkuyar da kai. Baba, a gida na sha zuwa bakin ƙofarka in koma, bakina ya ƙi buɗuwa. Yau tunda an ba ni lasifika, bari in faɗa: na yi maka ƙarya, na yi wa Umma ƙarya, ku yafe mini.

Ranar Talata za a sake ɗibar jininsa. Umma ta ce ita za ta karɓo sakamakon, Baba ya ce a'a, Uwata ce za ta karɓo. Ban san abin da takardar za ta ƙunsa ba, kuma ina jin tsoro. Amma daga tagar ɗakin gwaji zuwa ƙofar Likita taku sittin da biyu ne, na ƙirga. Zan yi su da takardar a buɗe a hannuna, Baba yana gefena, littafina kuma yana gida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na kwance da na tsaye. Allah Ya ƙarfafa zuciyar duk wanda ke jiran sakamako, Ya ba shi wanda zai raka shi. Allah Ya saka wa likitocinmu da ma'aikatan jinya da masu gwaji da alheri, Ya ƙara musu haƙuri da masu kunya irina. Allah Ya bar mana iyayenmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kun saurare ni har ƙarshe, ba ku leƙa shafin baya ba. Na gode.