Sun Fasa Rumbun Saratu

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Baba Ayuba daga Jega Sabon Gari.

Matata Saratu ta rasu bana. Ta bar rumbun gero da ba ta yarda a taɓa, ajiya ce don baƙar shekara. Ina cikin kuka matan cocinmu sunka fasa shi, sunka ciyar da 'yan makoki, ba wanda ya tambaye ni. Yanzu ko tiyar gero guda ta fi ƙarfin aljihuna. Da na yi magana, Fasto ya ce, "Baba, dogara ga Yesu." Yo Saratu ba ta dogara ba? Ta dogara, kuma ta cika rumbu!

Jama'a, mi zan yi? In gafarta masu, ko in miƙe ranar Lahadi in kira sunayensu?