Ba Zan Goge Muryar Inna Adda Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Abdulkahar. Mai girma shugabar makaranta. Mai unguwarmu, Allah ya ƙara maka lafiya. Malam liman, Allah ya gafarta malam. 'Yan uwana malamai. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, waɗanda suka tako daga Takur da Limawa da waɗanda suka biyo mota tun daga Miga. Da ku ɗalibai da kuke leƙe ta taga kuna zaton ba a gan ku ba: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni minti goma, kuma ina neman afuwarsa tun yanzu, domin zan ɗara. Ga wanda bai san ni ba, sunana Hadiyya Mele, 'yar Haɗeja ce ni, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tarihi a wannan makaranta.

Ranar Litinin aka miƙo mini takarda daga kwamitin wannan ƙungiya. Umarni uku ne a ciki: in daina wasan da muke yi a ajin tarihi, in rufe shafin da ɗalibaina suke rubutu a intanet, in kuma goge duk abin da ke cikinsa kafin Juma'a. Da na so, da na ba da amsa a ofis, a rufe ƙofa, magana ta mutu a nan. Amma 'ya'yanku ne suka yi aikin, kuma iyayenku ne suka yi maganar da ke ciki, saboda haka a gabanku ya kamata a ji amsata. Ba zan goge ba. Na faɗa da ladabi, na faɗa da girmamawa, amma ba zan goge ba.

Bari in bi ƙorafin ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, an ce Malama Hadiyya ta mai da aji filin wasa. Wani ma ya ce caca muke yi. To, ku zo ku gani, ƙofar aji ba ta da kwaɗo. Alli ne muke zana taswira da shi a ƙasa: ga gonaki, ga ruga, ga burtalin da shanu ke bi, ga rijiya guda ɗaya tak a tsakiya. Marafan kwalba su ne shanu, tsakuwa ita ce damin hatsi. Sai a ce yau shekarar babban fari ce, damina ta ɗauke, kowa ya san yadda zai fitar da iyalinsa. Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: ɗan manomi shi zai zama makiyayi, ɗan makiyayi shi zai riƙe gona.

Akwai wata ɗaliba, Yakaka, wadda mahaifinta ke noman shinkafa. Kullum in aka ambaci makiyaya sai ta ja tsaki. Ranar da marafan kwalba ashirin suka faɗa hannunta, aka toshe mata burtali, rijiya kuma tana can bayan gonar wani, sai ta tsaya shiru tana kallon ƙasa. Can ta ɗago ta ce, "Malama, to ta ina zan bi? Wallahi in ba a buɗe mini hanya ba, cikin gonar zan shiga." Aji ya kwashe da dariya, ita kuwa ba ta yi dariya ba. Shekara tara na yi ina rubuta dalilan rikicin manoma da makiyaya a allo, ana kwafa, ana haddacewa, ana zubar mini da shi a takardar jarrabawa a manta. Ban taɓa ganin yaro ya tsaya shiru haka a kan rubutun allo ba. In wannan shi ne wasa, to, ina neman izinin in ci gaba da wasa.

Na biyu, an ce waya tana lalata yara. Ban musa ba. Ni ma uwa ce, na san yaƙin da ake yi a gida kafin a raba yaro da waya ya ci tuwo. Amma iyayena, mu gaya wa juna gaskiya: ni na sayo musu wayoyin? Na same su da su ne, suna kallon rawar mutanen da ba su san da zaman Dutse a duniya ba. Abin da na yi kawai shi ne na ce, tunda kun iya danna ta, ku je ku durƙusa gaban kakanninku, ku nemi izini, ku ɗauki muryarsu, ku dawo ku rubuta abin da suka faɗa, mu sa a shafin aji. Shi ne abin da yaran ke kira bulog. Yau akwai muryar tsofaffi arba'in da uku a ciki. Akwai masunci, akwai ungozoma, akwai maƙeri, akwai tsohuwar da ta yi tallan nono da ƙafa tun Dutse ba ta zama babban birni ba. Huɗu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Biyu daga cikin huɗun nan, 'ya'yansu ba su da muryarsu a ko'ina sai a shafin da aka ce in goge kafin Juma'a.

Na uku shi ne ainihin abin da ya tara mu, kuma a nan ba ni da bakin kare kaina. Alhaji Barau, kai ka kai ƙara, kuma kana da gaskiya. An yi wa mahaifiyarka laifi, kuma ni na yi shi.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi ba, ga shi. 'Yar Alhaji, Amatullahi, ɗalibata ce. A hutun da ya wuce ta je ƙauyensu a ƙasar Miga, ta ɗauki muryar kakarta, Inna Adda. Inna ta ba ta labarin shekarar fari: yadda maigidanta, marigayi mahaifin Alhaji, ya kwashe kwana arba'in shi da ƙannensa biyu suna haƙa rijiya da hannu, har fatar tafinsu ta saɓule, yadda da ruwa ya ɓullo ya ƙi killace shi, ya ce safiya ta masu tulu ce, daga azahar kuma ta masu shanu, yadda aka fita wannan fari ba a zare sanda a bakin rijiyar nan ko sau ɗaya ba. A cikin labarin duka, Inna ba ta ambaci sunansa ba. "Mai gidan nan" take cewa, ko "uban yaran nan". Kun san dalili, ba sai na faɗa ba. Shekara hamsin da ɗoriya, yana raye da bayan rasuwarsa, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Da Amatullahi ta zo rubutawa, sai ta ga masu karatu ba za su gane wanda ake nufi ba. Yarinya ce, gyara take son yi. Sai ta cire "mai gidan nan", ta rubuta "mijina", ta bi shi da sunansa ɓaro-ɓaro, a ƙarƙashin hoton kakarta, kamar daga bakinta ya fito. Ta kawo mini, na karanta, na ɗauki jan biro na rubuta mata "Madalla". Ni, wadda uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ubana ba, ni na rubuta madalla. Laifin ba na waya ba ne, ba na intanet ba ne, ba kuma na yarinya 'yar shekara goma sha biyar ba ne. Nawa ne.

Sauran labarin Alhaji ya fi ni saninsa. An yi suna a ƙauye, wata ta karanta rubutun daga waya a tsakiyar mata, aka yi ta shewa ana cewa, "Adda, ashe boko ya buɗe miki baki da tsufa?" Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta bar wurin ko abinci ba ta ci ba. Mako biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. Duk ɗan da aka yi wa uwarsa haka bai fusata ba, ba ɗa ba ne. Alhaji, da ka zo makaranta kana ɗaga murya, ban ji haushinka ba, kunyarka na ji.

A ranar na gyara rubutun, na mayar mata da maganarta yadda ta faɗe ta. Washegari na tsaya gaban aji na gaya musu cewa malamarsu ta yi kuskuren da mai tarihi bai kamata ya yi ba: ta bari an sa wa mutum maganar da bai yi ba a baki. Muka kafa ƙa'ida: abin da tsoho ya faɗa, a rubuta shi yadda ya faɗa, ko da bai yi mana daɗin karatu ba, bayaninmu kuma mu sa shi daban, da sunanmu, kuma ba a sa komai a shafi sai an koma an karanta wa mai maganar ya ce ya yarda. Na rantse muku, babu babi a littafin manhaja da ya koya wa yaran nan amana kamar wannan kuskure nawa.

Amma gyaran rubutu ba ya wanke kunya. Ranar Asabar na hau mota na tafi ƙauyen. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi tsami, kuma ban ga laifinta ba. Na ce, "Inna, na zo neman gafara. In kin ce in cire labarinki gaba ɗaya, yanzu a gabanki zan cire, domin naki ne."

Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kin san yadda ake kiran rijiyar nan yanzu?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Rijiyar gwamnati. Don an zo daga baya an shafa mata siminti an kafa allo. Jikokin mai gidan nan na jan ruwa a ciki suna cewa rijiyar gwamnati, ina ji, ba ni da bakin gyara musu. Ni ba zan iya faɗar sunan nan ba, kuma ba zan fara da furfura ba. Kin cire shi daga bakina, kin kyauta. Amma kar ki cire shi daga labarin. Ki rubuta shi a ƙasa, ki ce ke kika faɗa. In na mutu, wa ya rage da ya ga hannunsa yana jini?"

Jama'a, a nan na yi kuka, ban ɓoye ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Alhaji, ban gaya maka wannan a ofis ba, domin ta ce kar in kai maka, kai ɗanta ne, akwai nauyi tsakaninku. Na roƙe ta izinin in faɗa a taro in ta kama, ta ce, "In ta kama." Yau ta kama. In kana shakka, ka tura wanda ka amince da shi ya tambayo ta.

Saboda haka, mai girma shugaban taro, ga inda na tsaya. In kwamiti ya ce a naɗa dattawa biyu su riƙa duba kowane rubutu kafin ya fita, na yarda, har na gode. In ya ce a ajiye wayoyi a ofis sai ranar darasi, na yarda. In ya ce a ba ni takardar gargaɗi a kan kuskurena, zan sa hannu a gabanku. In ya ce a ɗauke ni daga makarantar nan a kai ni inda mota ba ta zuwa, zan ɗaure kayana, ba zan kai ƙara ko'ina ba. Amma in sa yatsana in goge muryar mutum arba'in da uku da suka yarda da 'ya'yanku suka buɗe musu ciki, wannan kam a nemi wani. In goge amanar da tsohuwa ta ɗora mini ina durƙushe a gabanta, wannan kam a nemi wani. Kuma ina roƙon in za a yanke hukunci, a yanke shi da ɗaga hannu a fili, domin yaran da ke bakin taga su ga hannun da ya ɗaga.

Kafin a ɗaga hannun, bari in sauke saƙon da aka ba ni, ko da shafin bai kai Juma'a ba. Ba Inna Adda ce ta faɗa ba, kowa ya shaida. Ni Hadiyya nake faɗa da bakina: rijiyar da ke ƙauyen su Alhaji Barau ba ta gwamnati ba ce. Malam Idirisu ne ya haƙa ta, da hannunsa, ya shayar da mai gona, ya shayar da mai shanu. Amatullahi, sunan kakanki ke nan, kin ji shi a inda ya dace.

Allah ya jiƙan Malam Idirisu, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar. Allah ya ƙara wa Inna Adda lafiya, ya yafe mini abin da na jawo mata. Allah ya sanyaya zuciyar Alhaji Barau, ya shirya mana 'ya'yanmu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci a wannan zama, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na ɗara minti goma, a gafarce ni. Na gode.