Ɗakin Tausa da Aka Rufe

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban hukumar asibiti, malam liman, likitoci da ma'aikatan jinya, ina gaishe ku. Mama, uwargidan marigayi, da ke 'yata, 'yar marigayi, da ƙannenki, sannunku da haƙuri. Sai ku 'yan uwana masu ciwon baya da wuya da kuka zaɓe ni in yi magana, alhali kun san bakina ba shi da linzami.

Ni mai aski ne. Wata shekara kafaɗata ta dama ta ƙage, ko almakashi ba na iya ɗagawa zuwa kan yaro. Na sha ƙwayoyi har cikina ya gaji, kafin aka tura ni ɗakin ƙarshe na asibitin nan, wajen marigayi, mutumin da muke kira Malam Dakata. Na kwanta, ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan allon kafaɗata, babu mai, babu murza, ya tsaya cak. Na ce, "Malam, barci kake yi ne?" Ya ce, "Dakata." Can sai na ji wani abu yana saki a ciki a hankali, kamar an kwance igiyar wando bayan an ƙoshi. Ya ce mini akwai wani farin tantani da ya lulluɓe tsoka, irin wanda ake gani jikin nama wajen mahauci, kuma shi ne ya ɗaure ni. Ya ce in ka yi masa ƙarfi ƙara ɗaurewa yake yi, sai dai ka danna kaɗan ka jira shi.

Ya kasance mai jira, a zamanin da kowa ke sauri. Ya kasance idan direba ya shigo yana kukan ƙugu, sai ya sa shi tafiya zuwa bango ya dawo, ya kama cinyarsa ya yi aiki a can, ƙugun kuma ya lafa. Ya kasance mai tsokana. Ya taɓa ce mini duk kan da na aske a lokacin ciwona ya san shi a kasuwa, domin gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a maƙogwaro. Ranka ya daɗe, wata rana mutanenku suka leƙa ta taga, suka gan shi tsaye, hannu a bayan mara lafiya, ba ya motsi. Suka kai rahoto cewa ba ya aiki. Ba wanda ya tambayi na kwance. Aka rage masa lokacin kowane mutum, aka ƙara masa layi. Shi kuwa ba ya iya sallamar mutum da ciwonsa, sai ya koma dannawa da manyan yatsunsa, da ƙarfi, abin da shi kansa yake hana ɗalibai. A kan idonmu yatsun nan suka kumbura, suka karkace. Da suka gama lalacewa aka yi masa walimar ritaya, aka tafa. Na je duba shi a gida cikin jinyarsa ta ƙarshe, na tarar Mama ce ke riƙe masa kofi. Na juya baya na yi kuka, kuma har yau haushin bai bar ni ba.

Ke 'yata, ɗago kanki. Kin yi karatun aikin nan, kin zauna gefen mahaifinki shekara da shekaru, ke kike duba matanmu da ba sa son hannun namiji. Kin nemi a bar miki ɗakin, aka ce ana dubawa. Mama, ki gafarce ni da na faɗi wannan a gaban jama'a, amma jiya na wuce ta wajen, na ga an fitar da gadon tausa an jingine shi a baranda, an cika ɗakin da kwalayen magani da karyayyun kujeru. A jikin ƙofar kuma ga sabon allo mai sheƙi ɗauke da sunansa, wanda aka ce za a buɗe bayan na sauka.

Ga birkila can a layin baya, a tsaye yake tun da aka fara taro domin zama ya gagare shi. Yana da 'ya'ya, kuma ya daina hawa gini. Me allo zai yi masa? Ranka ya daɗe, makullin yana ofishinku, yarinyar ga ta nan zaune. Mu dai ba za mu tafa wa allon nan ba sai mun ga gadon ya koma ciki.

Na gode wa duk wanda ya taso ya zo, har da waɗanda maganata ta ɓata wa rai. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya saka wa hannayen nan da Aljanna. Allah ya ba Mama da yara dangana. Ku kuma shugabanni, Allah ya ba ku lafiya mai ɗorewa, kada ya jarrabe ku da ciwon da zai kawo ku bakin ƙofar nan ku tarar da ita a kulle. Amin.