Raka'a Biyu ko Huɗu a Garin Surukai

Har aka kira fasinjojin jirgin ƙasa na ƙarfe uku, wani tela bai san raka'a nawa zai yi a inda za shi ba. A ɗakin jiran tashar ya tambayi wani dattijo da ya ga ya haɗa azahar da la'asar, biyu-biyu.

"Baba, in na sauka zan ci gaba da ƙasaru?"

"Kwana nawa za ka yi?"

"In an karɓe ni, uku. In ba haka ba, jirgin safe zan biyo."

"To biyu za ka yi. Sai dai in kana da mata a garin, mai mata ba baƙo ba ne."

Telan ya gyara ledar sabon ɗinkin da ke cinyarsa. "Tana gidan iyayenta, wata biyu ke nan."

"Matarka ce ko ba matarka ba ce?"

"Magana ɗaya na yi cikin fushi. Babanta ya ce in zo a duba maganar."

Dattijon ya naɗe dardumarsa. "To riƙe alwalarka, ɗana. In kun gama, ka tambayi surukin naka raka'a nawa ne."

Jirgin zai isa ana kiran isha'i.